Kwana Uku a Kan Keke Neman Usta Dinis

Tun ranar da jirginmu ya ɗaure a mina, tashar jiragen ruwa ta nan Jidda, ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a wajen mai dafaffen waken ful a tare ni. Jiya ma sagga da ke kawo mana ruwa sai da ya sauke garwarsa a ƙofar gida ya ce, "Ya Usta Usman, wai gaskiya ne ƙasar da ka je kullum ruwa yake zuba daga sama, ba mai saye?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. To ga shi gaba ɗayansa. Alhaji Ɗahiru, kai da idonka ke da kyau, sai ka karanta wa 'yan majalisarmu ta hira.

Waɗanda suka daɗe a mina sun san Usta Dinis, babban makaniki, dogon Baturen nan ɗan ƙasar Ailan, wanda ya shekara ashirin da wani abu yana kula da injinan ƙananan jiragen da ke jawo manya zuwa gaɓa. Sa'ad da ya same ni, aikina goge baƙin mai da tsumma. Shi ya ɗora hannuna a kan inji yana aiki, ya ce in rufe ido in saurara, har na iya gane ciwon inji da kunne. Da ya ajiye aiki ya koma garinsu, duk bayan wata uku sai ga takardarsa. Daga baya takarda ta ɗauke. Na rubuta sau huɗu, shiru, har shekara biyu.

Ana nan sai sharikarmu, wato kamfanin da muke wa aiki, ta sayi sabon jirgi a wata maƙera kusa da birnin Kok, a ƙasar tasu, aka ce mu shida mu je ta sama mu tuƙo shi ta ruwa. Uwar 'ya'yana, Hajiya Sa'adiyya, ita ta fara magana. Ta ce, "Ka nemi mutumin nan. In yana da rai ka gaishe shi. In kuma ya riga mu, ka sani, ka daina tsayawa a ƙofa kana jiran mai wasiƙa." Ta ƙulle mini dabinon Madina da goro a cikin gyale.

Ba zan ɓata muku lokaci da jirgin sama ba, Bahrut ne da Landan da ciwon kunne. A inda ake duba takardu a Kok ne aka fara. Ma'aikacin ya riƙe jawazina, wato fasfo, ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce wai ni Balarabe ne? Na ce masa mahaifina daga ƙasar Hausa ya taso da ƙafa, shekara huɗu yana hanyar hajji, ni kuwa a Jidda aka haife ni. Ban gama ba sai na ga ya ajiye hatiminsa ya ƙwala wa abokin aikinsa kira. Na ce a raina halas, shi ke nan, mayar da ni za a yi. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Sai suka tuntsire da dariya har ɗayan yana dafa tebur.

"Wa ya koya maka Turanci?"

Na ce, "Maigidana a wurin aiki."

"To mutumin yankin Keri ne, ko in ci hular nan. Kana magana sak kakana mai kiwon tumaki!"

Jama'a, shekara da shekaru ina ƙuri a mina wai Turancin manya nake yi, ashe na can ƙurya ne, na bayan dutse. Ya kwance gyalen Hajiya, ya ɗanɗani dabino ɗaya, ya buga mini hatimi.

Muka tarar jirgi bai gama haɗuwa ba, kyaftin ya ce da sauran kwana goma. Ni aka sauke ni a gidan wata tsohuwa mai suna Misis Biridi, mijinta ya rasu, tana ba baƙi ɗaki. Kashegari da safe ta ajiye mini faranti shaƙe da naman alade, da wani baƙin abu zagayayye wanda ta ce da jini ake yin sa. Na yi mata bayani da ladabi. Ta dafe ƙirji kamar ta yi kisan kai. Kafin azahar ta je kasuwa ta sayo sabon kasko, ta ɗaura masa jan zare a mariƙi, ta ce wannan nawa ne ni kaɗai. Daga ranar sai ƙwai da burodin gida da man shanu, da shayi mai madara wanda ba a tambayarka ko kana so.

Na nuna mata ambulan ta ƙarshe da Usta Dinis ya aiko. Ta sa tabarau ta karanta sunan ƙauyen, ta ce motar haya ba ta shiga can, a babban titi za ta zubar da ni in yi ta ƙafa. Sannan ta ja ni bayan gida ta yaye wani buhu. Keke ne baƙi, mai nauyi kamar ɗan maraƙi.

Ta ce, "Na mijina ne. Tun da ya tafi ba wanda ya hau. Zama ba ya yi wa keke kyau, haka mutum."

Na zuba wa sarƙa mai, na ɗaure birki, na yi wa tayu iska. Na ce a raina me zai ba ni tsoro, ni da kullum nake tuƙa keke daga unguwarmu Mahjar zuwa mina in dawo? Na manta Jidda a shimfiɗe take kamar faifai.

Kuskurena na farko, su ta hagu suke bi. Cikin gari ina lura, amma da na fita fili hannu ya koma inda ya saba. Na sha wata kwana sai ga jaki da amalanke ɗauke da tulunan madara, gaba da gaba. Na karkata, na faɗa cikin shinge, a kan wani ganye mai harbi kamar kunama. Tsohon da ke kan amalanken ya sauko a hankali, ya tsinko wani faffaɗan ganye a nan gefen, ya kama hannuna ya yi ta gogawa har zafin ya lafa. Sannan ya ɗaga ido ya dubi yayyafin da ke sauka a kanmu ya ce, wai yau rana ce mai taushi, godiya ga Allah. Ya hau ya tafi abinsa.

Wannan ruwa shi ne amsar tambayar sagga. Mu nan in hadari ya haɗu sau ɗaya a shekara, yara su fito da gudu, mata su jera kwanoni. Su can ko kallonsa ba sa yi. Shi ya sa ƙasar take shar, tudu na bin tudu, ka hau wannan da kyar kana haki, ka gangara kana murna, sai ka ga ɗan'uwansa yana jiranka. Kowace gona an zagaye ta da duwatsun da aka jera ba laka ba siminti. Duk wanda kuka yi kiciɓis, ko a ƙafa ko a mota, sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya. Da farko na zaci gargaɗi ne, sai na gane gaisuwarsu ke nan gaba ɗayanta. Na ce da a majalisarmu ne, inda ake tambayar gida da yara da gajiya da zafi, da sun ce mun zautu.

Amma kada ka tambaye su nisa. Kowa ka tambaya sai ya ce mil biyu ne kacal. Ka yi tafiyar sa'a guda ka sake tambaya, mil biyu ne kacal. Wata mata ce ta gaya mini gaskiya, ta ce ba sa son karya wa baƙo zuciya.

Da la'asar ƙishirwa ta kama ni na shiga wani kanti da na ga buhunan gari da takalma a tagarsa. Ashe rabinsa kanti ne, rabinsa mashaya. Mutum bakwai suka juyo da kofunansu. Na yi sallama irin tasu. Wani ya ce, "Ku ji, ɗan Keri ne rana ta ƙona!" Kafin in zauna an turo mini baƙin abin shansu mai kumfa. Na ce addinina ya hana. Mai kantin ya gyaɗa kai cike da tausayi, ya ce shi ma yana da ɗan'uwa da ya yi irin wannan alkawari, ya kawo mini madara. A garin Makurum na kwana. Abin da ya dame ni a can magariba ce, rana ta ƙi faɗuwa, ina zaune da alwala ina gyangyaɗi ina jiranta.

Rana ta biyu tayar baya ta yi faci a tsakiyar dawa. Na buɗe 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi, na tarar ruwan facin marigayi ya bushe ƙam. Sai turawa, ruwa na dukana. Na yi wajen sa'a biyu a haka, ina tambayar kaina abin da ya kai ni, mutumin da wataƙila ya gaji da rubuto mini ne kawai. Na iso wani gida kusa da coci, wani tsoho sanye da baƙaƙen kaya yana watsa wa kaji hatsi. Ya tsaya yana kallon hular da ke kaina. Sai na ji an ce, da Hausa tangaran:

"Sannu da zuwa, malam. Ina gajiya?"

Wallahi sai da na waiga bayana. Na ce, "Ba gajiya."

"Ƙarya kake, ga ta nan a ƙafarka. Shigo daga ciki, baƙonka annabinka."

Sunansa Fada Malaki, limamin Kirista ne, ya shekara talatin a ƙasar Hausa kafin ciwon ƙirji ya dawo da shi gida. Ya zaunar da ni gaban murhu inda suke ƙona wata baƙar ƙasa maimakon itace. Na ce ya taimake ni da moya. Ya ce, "Moya kuma? Ruwa dai. Kai wace irin Hausa ce wannan, rabi Larabci?" Ku ji fa, Bature yana gyara mini harshen ubana. Ya tambayi garinmu na asali, na ce Kazaure, amma ban taɓa zuwa ba. Ya ce ya kwana a can sau biyu. Ya shiga kwatanta mini duwatsun garin, da ruwan da ke kwance a gefensa, da yadda mata ke kawo fura a ƙwarya ranar kasuwa. Tun da Baba ya rasu ban ji wanda ya ambaci waɗannan duwatsu ba. Na sunkuyar da kai ina kallon wuta.

Na kwance gyale na ba shi goro biyu. Ya karɓa da hannu bibbiyu, ya shinshina, ya daɗe bai ɓare ba. Ya ce shekara tara ba shi da abokin Hausa sai kajinsa, su kuwa ba sa amsa gaisuwa. Da lokacin salla ya yi, tun ban tambaya ba ya ɗauko wata tsohuwar buta da ya zo da ita daga can, ya nuna mini alƙibla, ya ja mini ƙofa. Muka yi facin tare. Da na ambaci sunan Usta Dinis da ƙauyensu, sai ya ajiye famfo.

Ya ce, "Na san gidan. Yana da rai. Sauran kuma sai ka gani da idonka."

Na matsa, ya ƙi ƙarawa. A gidansa na kwana, barcin dai rabi da rabi.

Rana ta uku hanya ta miƙe sama cikin duwatsu, tumaki masu shuɗin fenti a gadon baya suna kwance a tsakiyar titi ba su da niyyar tashi. Yawanci tura keken na yi. Bayan azahar na hango teku, ga wani farin gida shi kaɗai a gefen tudu. Wata dattijuwa siririya ta fito tana goge hannu a gaban rigarta. Ban faɗi sunana ba ta ce, "Kai ne Usman. Takardunka huɗu suna kan kanta a saman murhu. Na karanta masa, amma ban san me zan rubuto maka ba." Ƙanwarsa ce, Nora, ba ta taɓa aure ba, su biyu ne a gidan.

A bakin ƙofa ta gaya mini. Shekara biyu da suka wuce ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Ta ce, "Ba ya cewa komai sai wasu surutai marasa ma'ana. Likita ya ce haka ciwon yake. Kada ka ji zafi in bai gane ka ba."

Yana zaune a kujera gaban taga, an lulluɓe masa ƙafa da bargo. Mutumin da yake ɗaga kan inji shi kaɗai ya koma kamar kara. Na durƙusa gabansa na ce, "Ya Usta, ni ne." Ya daɗe yana kallona. Bakinsa ya motsa, gefe ɗaya kawai. Sai ya ce, a hankali, "Moya."

Nora ta ce, "Ka ji ko? Irinsu ke nan. Wuni yake yi yana faɗa."

Na ce, "Ruwa yake so."

"Me ka ce?"

"Larabcin Jidda ne. Ruwan sha yake roƙo."

Ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta ruga ta ɗebo masa. Ya shanye tas, ya ce, "Bas." Na ce mata, wai ya isa. Ta zauna a ƙasa nan inda take, ta rufe fuska da gaban rigarta. Ta ce, "Shekara biyu. Ina ba shi shayi, ina gyara masa matashi, ina ce masa ya yi shiru ya huta. Ashe magana yake yi mini."

Ban san hikimar Allah a nan ba. Harshen da ya sha a nono ya kulle, na mina kuma, wanda ya koya cikin zufa da hayaniya, shi aka bar masa, kalmomi kamar ashirin. Muka zauna da Nora a teburin kicin, ina faɗa tana rubutawa a bayan kalanda da haruffansu: shuwayya, wato a hankali, bard, sanyi, ta'ban, na gaji, yalla, mu je. Tana maimaitawa kamar 'yar makaranta, yana jin mu daga kujerarsa, in ta karkata kalma sai ya buga hannun hagu a kan bargo.

Kwana biyu na yi a gidan. Akwai wani ƙaramin inji da ke jawo musu ruwa daga rijiya, ya mutu tun faɗuwarsa, da bokiti take ɗiba. Da safe na ce mu fito da shi waje da kujerarsa. Na kwance injin a gabansa a kan buhu, ina ɗaga kowane ƙarfe ya gani. Idonsa ya dawo irin na da. Da na zo ɗaure wani noti, da gangan na ɗauki sifanar da ba ita ba. Sai na ji tsawa a kaina:

"La! Ya himar!"

Nora ta firgita ta ce me ya ce? Na ce, "Jaki ya kira ni. Haka yake kirana shekara goma." Na ɗauki ta daidai, ya ce, "Aiwa," wato yauwa. Da injin ya yi tari sau biyu ya kama, ruwa ya feso, sai ga Usta Dinis yana dariya da rabin baki, hawaye na bin kumatunsa. Na ɗauki hannunsa na hagu na ɗora a kan injin. Ya rufe ido. Muka bar shi a haka har ya gaji. Da yamma ya ci dabinon Hajiya guda uku, Nora tana cire masa ƙwallo.

Dole in koma, kyaftin ba ya jiran kowa, ga kwana uku na hanya. Nora ta ɗaure mini burodi da dafaffen ƙwai a bayan keke. Ta turo shi bakin ƙofa. Na durƙusa na sumbaci goshinsa kamar yadda muke yi wa iyaye, na ce masa da Larabci duk abin da nake ci da iyalina daga hannunsa ya fito, Allah ya saka masa. Ban sani ba ko ya fahimci duka. Ya riƙe mini hannun riga da ƙarfi, ya ce, "Bukra."

Nora ta ce, "Wannan ba ta cikin takardata. Kullum in na kwantar da shi sai ya faɗa. Na ɗauka sunan wata mace ce da ya baro a can, har ina jin haushinta."

Na ce, "Gobe ke nan. Haka muke rabuwa in an tashi daga aiki. Sai gobe yake ce miki."

Ta dube shi, ta dafa kafaɗarsa, ta gwada kalmar a bakinta sau biyu. Shi kuwa ni yake kallo, yana jiran amsa. Na san ba zan sake taka ƙasar nan ba, ina jin shi ma ya sani. Na ce, "Bukra in sha Allah, ya Usta." Sai ya sake mini riga.

Daga ƙofarsu zuwa babban titi gangara ce zalla, irin wadda na kwana uku ina roƙon Allah ya ba ni. Ban hau ba. Da ƙafa na sauka ina riƙe da keken, don hawaye sun hana ni ganin hanya.